Shoddy: Kalmar da Ruwan Sama Ke Fassarawa

Ɗan ƙanwata da ke shirin rubuta WAEC ya shigo mini da jaridar Turanci ranar Asabar, ya ɗora yatsa a kan wata kalma, ya ce, "Kawu, wannan fa? Sau uku na gan ta a shafi ɗaya." Na karɓa na duba. Gwamna ya ja kunnen 'yan kwangila a kanta, kwamishina ya ce ba zai lamunce ta ba, mazauna wata unguwa kuma sun kai kukansu saboda ita. Kalmar ita ce shoddy, ana furta ta shodi. Na nuna masa sabuwar kujerar da kafinta ya kawo mini shekaranjiya, na ce ya zauna, domin wannan ba kalmar da ake fassarawa a tsaye ba ce.

Ƙamus zai ce maka ma'anarta abu marar inganci, wanda aka yi da kayan banza ko da ganganci. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma ya yi rowa. Turawa suna da kalmomi rututu na abin da bai kai ba, kuma kowace da gurbinta. Inadequate kalmar ofis ce, mai ladabi, ita ake sa wa a rahoto idan ana so a ce abu bai isa ba kuma ba a son kowa ya rasa aikinsa. Mediocre ita ce ba yabo ba fallasa. Substandard ta hukumomin duba ingancin kaya ce, tana tafiya da ma'auni da hatimi. Shodi ta bambanta da su duka ta fuska guda: ita tana da kyau. Sharaɗinta na farko ke nan. Abin da tun daga nesa ka ga muninsa bai cancanci sunan ba, wannan mummuna ne kawai, kuma mummuna mai gaskiya ne, bai yaudari kowa ba. Shodi sai ya yi sheƙi. Sai an yi wa rogo kallon kitse, an biya kuɗin kitse, an kai gida an ɗora tukunya.

Kada kuma a haɗa shi da jabu. Jabu yana satar sunan wani, ya manna tambarin da ba nasa ba. Shodi ba ya bukatar sunan kowa, da sunansa yake zuwa, wani lokaci har da lambar waya. Haka nan ba gwanjo ba ne. Rigar da ka ɗaga daga dila a Kofar Wambai ta riga ta yi wa wani Bature shekara biyar tana aiki, ta tsallaka teku, ta sha matsa, ga ta nan da maɓallanta cif. Wannan riga ta ci jarrabawa. Shodi sabo ne fil, ko zauren jarrabawar bai shiga ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne kalmar ba da zagi ta fara ba. Sunan sana'a ce, kuma sana'ar halal.

A garin Batley da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, wajen shekarar 1813, wani mutum mai suna Benjamin Law ya gano cewa tsumman ulu bai mutu ba, suma ya yi. Idan aka yayyaga shi har ya koma gashi, aka gauraya da ɗan sabon gashin tumaki, za a iya sake kaɗa shi, a sake saƙa shi, ya fito yadi. Wannan gashi da aka tayar daga tsumma shi aka sa wa suna shoddy, yadin da aka saƙa da shi ma haka. Lokacin ana cikin yaƙe-yaƙen Napoleon, ulu ya yi tsada, talaka kuma yana jin sanyi kamar kowa. Sanyin Yorkshire ba irin hunturunmu ba ne da ake korewa da wutar kara da kunun tsamiya. Sai ga Law da kwat ɗin da leburan masaƙa zai iya saya.

Harka ta buɗe. Batley da Dewsbury da Ossett da Morley suka zama cibiyar tsumman duniya. Jiragen ruwa suna sauke tsummokara daga ƙasashen Turai, ana kai su Dewsbury ana gwanjonsu kamar yadda ake cinikin shanu a kara. Mata ne akasari ke zaman tantancewa, suna ware tsumma bisa launi da laushi, da hannu kawai suke gane wanda ulu ne zalla da wanda aka surka da auduga. Daga nan sai inji, wani ganga mai juyawa da aka dasa wa dubban haƙoran ƙarfe. Sunan da suka sa wa injin shi ne shaiɗan, ƙurar da yake tayarwa kuma ƙurar shaiɗan. Ba ni na laƙaba ba, masu sana'ar ne da bakinsu, kuma ban ga dalilin yi musu gardama ba, tunda su ke shaƙar ta. Har ciwon ƙirji da zazzaɓin da take sa wa ma'aikata sunansa zazzaɓin shodi.

Bayan shekara 20 da ɗoriya aka samo yadda za a niƙa tsumma mai tauri, irin ƙyallayen da tela ke zubarwa da tsofaffin kwat masu kauri. Wannan aka kira shi mungo. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa wani ma'aikaci ne ya ce wa maigidansa wannan kaya fa ba zai tafi ba, maigida ya amsa da karin harshensu na Yorkshire cewa dole ya tafi, daga furucin nan sunan ya fito. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ina ganin ya kamata duk ɗan kwangila ya san shi, domin a cikinsa aka tattara ilimin sana'ar gaba ɗaya.

Ba a zubar da komai. Abin da ya gagari saƙa, manoma suke saye su yi taki da shi. Garin Ossett ma da ya tashi zaɓar kirarin da zai rubuta a tambarinsa, da Latin ya rubuta abin da ke nufin an mai da marar amfani mai amfani ta hanyar gwaninta. Mu nan mun taƙaita wannan dogon zance da kalma biyu, jari bola, sai dai ba mu kai ga rubuta shi a ƙofar gari ba.

Tun a lokacin akwai masu ƙorafi. A 1842 wani ɗan majalisar Birtaniya, William Ferrand, ya tashi a zauren majalisa ya yi kaca-kaca da masu masaƙun da ke cusa ƙurar shaiɗan a yadi suna sayar wa talaka. Amma ba Ingila ce ta kashe wa kalmar aure ba. Amurka ce.

A watan Afrilun 1861 yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Dare ɗaya gwamnati ta wayi gari tana bukatar kaki da takalma da barguna da tantuna na dubban ɗaruruwan mutane, kuma tana bukatarsu jiya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ba da kwangilar gaggawa ya san sauran labarin, zai iya tsallake wannan sakin layi ya je ya sha ruwa. Jihar New York ta ba kamfanin ɗinki na Brooks Brothers, wanda aka kafa tun 1818, kwangilar kakin soja 12,000. Yadin ulu na kirki bai wadata a kasuwa ba, lokaci kuma ya ƙure, sai aka cike gurbi da abin da ya samu. Kakin ya fito tsaf. Sojoji suka saka, suka yi fareti, mata suka ɗaga musu hannu. Sai aka yi ruwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to balle ranar da rigar ce da kanta ta narke. Labaran lokacin sun nuna sojoji suna tafiya kaki yana barin jikinsu ƙyalle-ƙyalle, wani ba aljihu, wani ba maɓalli, wani kuma gwiwa a waje tun ba a ga abokan gaba ba. Aka yi bincike, kamfanin ya maye fiye da 2,000 daga cikin kayan da sababbi. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ya fi kowa ba. Wasu sun kawo takalman da tafinsu kwali ne aka manna. Wasu sun kawo albarushi da aka auna da dusar katako. Wasu sun sayar wa gwamnati alfadarai marasa lafiya, wasu ma dabba ɗaya suka sayar mata fiye da sau ɗaya, wanda ni a ganina wannan ba shodi ba ne, wani fanni ne daban mai bukatar darasinsa. Waɗanda suka yi kuɗi ta wannan hanya suka gina manyan gidaje a New York, jaridu suka riƙa kiransu attajiran shodi, masu sarautar shodi. Zuwa 1862 kalmar ta bar masaƙa ta shiga bakin kowa da sabuwar ma'ana: abin da ke da fuskar nagarta, cikinsa ba komai.

Abin ya kai ga a watan Maris na 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar hukunta masu cutar gwamnati da takardun biya na ƙarya. Wanda aka kama zai biya ninki biyu na asarar da ya jawo, da tarar dala 2,000 a kan kowace takarda, wanda ya tona asirin kuma a ba shi rabin abin da aka ƙwato. Dokar tana nan da ranta har yau, an yi mata gyare-gyare. Shi kuwa Lincoln, kwat ɗin da ke jikinsa daren da aka harbe shi a 1865 ɗinkin Brooks Brothers ne, kuma kwat ɗin yana nan an adana shi, ya haura shekara 150. Wato telan ya iya ɗinki. Wannan shi ne sharaɗi na biyu, kuma ɗalibi ya riƙe shi da kyau: shodi ba rashin iyawa ba ne. Wanda bai iya ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa abu ya ɓaci, wannan koyo yake, a yi masa addu'a. Mai shodi ya iya sarai. Ya dai duba wanda zai saka rigar ne.

A nan ɗan ƙanwata ya katse ni. "Kawu, to ba shi da alaƙa da shadda?"

Na ce babu, ko ta wajen kaka. Amma tambayar ba ta banza ba ce. Bahaushe ma yana da kalma guda da a rubuce take nufin yadin da ake shiga ɗaurin aure da shi, take kuma nufin ramin da ke bayan gida. Saboda haka ba mu da bakin yi wa Bature dariya don kalmarsa ta tashi daga kanti ta faɗa rami.

Sharaɗi na uku shi ne lokaci, kuma a nan gwaninta take. Mutane suna ɗauka aikin shodi sauƙi gare shi, ka rage siminti kawai ka tafi. Ba haka ba ne. Idan gini ya faɗi kafin a biya ka, ka yi asara, kuma ka ja wa abokan sana'a abin kunya. Idan ya daɗe shekara 30 bai faɗi ba, ka yi almubazzaranci da siminti, ka kuma toshe wa na bayanka hanyar abinci, domin ba za a sake ba da kwangilar ba. Gwani shi ne wanda ya auna daidai, yadda aikin zai tsaya da ƙafarsa har a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, takardar biya ta fita, sannan ya kwanta cikin natsuwa. Mai kilishi ba ya sanin rana kamar yadda mai shodi ya san damina.

Na ga wannan da idona a bakin layinmu. An yi mana kwalbati cikin bazara. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an shafa wa gefensa fenti fari da baƙi har yana ɗaukar ido. Mai unguwa ya yi godiya, wani yaro ya karanta jawabi, babban baƙo ya taka kansa da takalminsa sau biyu don a ga ƙarfinsa, aka yi tafi. Na lura bai taka sau uku ba. Tun ana aikin wani tsoho da ke sayar da goro a wurin ya ɗauki ɓallin bulo ɗaya ya murza da yatsu biyu, ya koma gari, ya ce wa magini, "Ɗana, wannan bulo ne ko dambu?" Magini ya ce, "Baba, bai gama bushewa ba ne." Bulon ya yi wata guda a rana.

Ruwan farko ya gwada shi ya tafi. Ruwa na biyu ya zo da dare, da asuba muka fito masallaci muka tarar kwalbati ya yi ƙaura, ya bar mana rodi huɗu sirara kamar tsinken tsire suna kallon sama. Abin da ya tsaya daram shi ne allon da aka rubuta sunan aikin da na wanda ya yi shi. Ƙarfe mai kauri, an binne ƙafafunsa da kankare na gaske, fentinsa ko dusashewa bai yi ba. Yau shekara uku ke nan, akuyoyi suna sosa jiki da shi, bai ko karkace ba. Duk mai son ganin bambancin aikin shodi da aikin ƙwarai ba sai ya je Batley ba, ga su nan gefe da gefe, hannu ɗaya ya yi su.

Ta fuskar nahawu kalmar ba ta da wahala. Yawanci sifa ce, tana zuwa gaban suna: shoddy work, aikin shodi, shoddy goods, kayan shodi. Ana cewa shoddily built ga abin da aka gina ta wannan hanya. Tana kuma shiga mu'amala, idan aka ce an yi wa mutum shoddy treatment, an wulaƙanta shi ke nan, an yi masa abin da bai dace da shi ba. Bincike ma yana zama shodi, haka rubutu, haka hujja. Amma akwai iyaka. Ba a cewa akuya shodi ce komai ramarta, domin babu ɗan kwangilar da ya ƙera ta. Ba a cewa damina ta yi shodi. Sai abin da hannun ɗan Adam ya taɓa, kuma aka biya shi.

Akwai wata ƙa'idar da littattafan nahawu suka manta, ni na gano ta bayan shekaru ina karanta jarida. Kalmar ba ta haɗuwa da lamirin mai magana. Ban taɓa jin wanda ya ce "na yi aikin shodi" ba, ko "muna kan yin aikin shodi, za mu kammala a watan gobe." Kullum wani ne ya yi, kullum kuma a baya. A bakin hukuma ta fi dacewa da gwamnatin da ta shuɗe. Sabuwar gwamnati takan gano shodi a cikin wata uku na farko, ta kafa kwamiti, ta nuna wa 'yan jarida tsagewar bango da sanda. Nata aikin kuwa ba ya zama shodi sai ta sauka. Wannan ya nuna cewa ban da ruwan sama, zaɓe ma yana fassara kalmar.

Idan ana neman ta da Hausa, ba mu rasa ba, sai dai kowace tana kama gefe ɗaya ta saki ɗaya. Algus ya kama surkin, ha'inci ya kama niyyar, aikin ganin ido ya kama fentin, kyan ɗan maciji ya kama sheƙin da abin da ke biyo baya. Araha ba ta ado kuwa ba ta shiga nan ko kaɗan, domin shodin zamani ba shi da araha. Kwalbatinmu, a yadda muka ji, kuɗin gada aka biya.

Ita kuwa sana'ar ta asali ba ta mutu ba, suna ta sauya. A 1940 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a rubuta a jikin tufa idan ulun da ke ciki an taɓa amfani da shi. Masaƙun Yorkshire akasari sun rufe, amma garin Prato na Italiya ya shahara da wannan aiki, yau kuma ana yaba masa a matsayin mai ceton muhalli, manyan kantuna suna alfahari da cewa rigarsu daga tsohuwar riga aka sake ta, suna ƙara mata kuɗi saboda haka. A Panipat da ke jihar Haryana ta Indiya, arewa da Delhi, ana sauke tsofaffin tufafin Turai da Amurka, a yayyaga, a kaɗa, a saƙa barguna masu araha, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke rabawa idan an yi girgizar ƙasa ko ambaliya ko gudun hijira. A can har yanzu sunan zaren shoddy, a rubuce a takardun ciniki, ba mai jin kunya. Wato idan ambaliya ta cinye gidan da aka gina da aikin shodi, mai yiwuwa bargon da za a miƙa wa mai gidan ya lulluɓa shodi ne na ainihi, kuma shi zai yi aikinsa.

Da na kawo nan ɗan ƙanwata ya yi hamma, ya ce, "To Kawu, in ta fito a jarrabawa me zan rubuta?" Na ce ya rubuta marar inganci, za a ba shi makinsa. Ya ce ai da na faɗa masa haka tun ɗazu. Ya yi miƙa, ya jingina da bayan kujera, bayan kujera ya tafi da shi har ƙasa.

Na kira kafinta a waya. Bai yi minti ashirin ba ya iso a kan babur, ya tsuguna ya ɗaga katakon, ya juya shi, ya duba inda ƙusa biyu suka fita da ɗan busasshen gam a jikinsu. Ya dubi yaron da ke murza ƙeya, ya dube ni.

"Alhaji, jingina ya yi?"

Na ce jingina ya yi.

Ya girgiza kai cikin takaici. "Ai ba ku ce mini ta jingina kuke so ba. Wannan ta zama ce."